Tarihin Jarrabawar Fita Sakandare a Ingila

A ƙasar Ingila, yaro in ya kai shekara 16 ya kan zauna wata jarrabawa wadda a ke kira GCSE. Da abin da ya samu a cikinta ne a ke duba ko zai ci gaba da karatun da zai kai shi jami'a, ko zai koma wajen koyon sana'a, ko kuwa za a sa shi ya maimaita Turanci da Lissafi. Jarrabawan nan ba tsohuwa ba ce, gama cikin 1988 aka fara yinta. Kafin ita an yi waɗansu guda 3, kowace da sunanta da dokokinta. Amma wanda ya bi labarinsu daki-daki zai ga akwai abu guda da bai gusa ba tun 1918, watau iyakar da aka shata tsakanin yaron da a ke cewa ya ci da wanda a ke cewa bai ci ba. An shata ta tun zamanin da 'yan ƙalilan ne su ke shiga sakandare, ga shi kuwa yau da ita a ke auna 'ya'yan ƙasar duka. Labarin nan na Ingila ne. Sukotlan tana da nata tsari dabam tun asali, Wels da Ailan ta Arewa kuwa sun bi Ingila shekaru masu yawa, sa'an nan suka rabu da ita a waɗansu abubuwa.

Zamanin Satifiket

Jami'o'i ne suka fara yi wa 'yan makaranta jarrabawa. Cikin 1858 Jami'ar Oksfod da ta Kembirij suka soma aika takardun tambayoyi zuwa garuruwa, yara su zauna a can su amsa, a komo da amsoshin a duba. Yara 370 ne suka zauna ta Kembirij a shekarar farko. Da tafiya ta yi tafiya sai jarrabawa ta yi yawa, kowace jami'a da tata, ƙungiyoyin likitoci da na lauyoyi da hukumar soja su ma kowa da tasa, har ya zamana aji guda yana da yara masu shirin jarrabawa iri-iri, malami ya rasa wadda zai bi. Saboda haka cikin 1917 Gwamnati ta kafa wata majalisa don ta daidaita al'amarin. A 1918 aka fara ba da takardun shaida iri 2: Satifiket na Makaranta ga ɗan shekara 16, da Babban Satifiket ga ɗan shekara 18.

Dokar Satifiket na Makaranta mai tsanani ce. Lalle ne yaro ya ci fanni 5 a zama ɗaya, kuma sai ya ɗebo daga rukuni 3: rukunin Turanci da Tarihi da Labarin Ƙasa, da rukunin harsunan waje kamar Latin da Faransanci, da rukunin Lissafi da Kimiyya. Yaro ko da gwanin Lissafi ne, in ya faɗi a rukunin harsuna, to, ba shi da satifiket, ya tashi a tutar babu. Cikin waɗanda suka ci kuma akwai hawa-hawa. Akwai ci kawai, akwai kuma daraja ta bisansa wadda a ke kira kiredit. Wanda ya sami kiredit a fanni 5 waɗanda jami'a ta yarda da su, an ɗauke masa jarrabawar shiga jami'a ke nan. Ba a daɗe ba sai bankuna da kamfanoni su ma suka shiga tambayar kiredit 5 ga mai neman aikin akawu, ko da ya ke ba jami'a za shi ba. A nan ne iyakan nan ta samo asali.

A wancan zamani kuwa yawancin 'ya'yan talakawa ba su ko ganin takardar jarrabawan nan. Su kan zauna a makarantar elemantare har shekara 14, su fita neman aiki. Sakandare ta kuɗi ce, sai dai tun 1907 an umarci makarantun da Gwamnati ta ke taimaka wa da kuɗi su keɓe kashi ɗaya cikin 4 na gurabunsu kyauta ga 'yan elemantare masu ƙwazo.

Dokar 1944 da GCE

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, wani kwamiti wanda Sir Cyril Norwood ya shugabanta ya ba da rahoto cewa yara iri 3 ne: masu son ilmi don kansa, da masu hankalin injuna da fasaha, da waɗanda su ka fi gane abin da su ke gani da ido su taɓa da hannu. A shekara mai zuwa, watau 1944, Majalisar Dokoki ta zartar da dokar ilmi wadda R. A. Butler ya kawo. Dokar ta sa ilmin sakandare ya zama kyauta ga kowane yaro a makarantun Gwamnati, cikin 1947 kuma aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 15. Hukumomin ilmi na yankuna suka bi ra'ayin Norwood, suka kasa makarantu kashi 3. Akwai makarantar girama, ta masu karatun littafi, akwai ta fasaha, akwai kuma wadda aka sa wa suna sakandaren zamani. Jarrabawa guda da yaro zai yi yana ɗan shekara 11 ita ke nuna inda za shi. Wajen ɗaya cikin 4 ko cikin 5 ne su ke samun girama. Makarantun fasaha ba a gina su da yawa ba, saboda haka sauran yara kusan duka sakandaren zamani su ke tafiya.

Cikin 1951 aka soke satifiket ɗin nan 2, aka kawo GCE, mai mataki 2: matakin O ga ɗan shekara 16, da matakin A ga ɗan shekara 18. Babban sauƙin da ta kawo shi ne an daina ɗaure fannoni wuri ɗaya. Yaro ko fanni ɗaya ya ci, za a rubuta masa shi a takarda. Amma fa an karɓe da hagu abin da aka bayar da dama, domin an ɗaga makin ci ya koma daidai da tsohon kiredit. Abin da dā a ke kira ci kawai, yanzu ya zama faɗuwa. An shirya matakin O ne don kashi 20 cikin 100 na yara, waɗanda su ke kan gaba, watau 'yan girama da 'yan makarantun kuɗi. Ɗan sakandaren zamani kuwa ya kan fita yana da shekara 15, shekara guda kafin lokacin jarrabawa, hannunsa ba ko ƙyallen takarda.

Kalman nan kiredit, ko da ya ke ta ɓace a Ingila, ba ta mutu ba. Tun kafin wannan lokaci 'yan sakandare na ƙasashen da Ingila ta ke mulka a Afirka ta Yamma Satifiket na Kembirij su ke zama. Cikin 1952 aka kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda a ke kira WAEC, da babban ofishinta a Accra, ta gaji tsarin da darajojinsa. Kiredit 5 ɗin nan, har da Turanci da Lissafi, waɗanda jami'o'in Nijeriya su ke nema ga ɗalibi, jikokin na 1918 ne.

Takarda ta Biyu

Iyayen 'yan sakandaren zamani ba su yi shiru ba, gama sun ga mai takarda shi ke samun aikin ofis, marar takarda kuwa sai masana'anta ko kanti. Waɗansu hedimastoci suka riƙa riƙe yaransu masu ƙoƙari har shekara 16 su sa su matakin O, waɗansu kuma suka koma ga jarrabawar ƙungiyoyi masu zaman kansu da ta hukumomin yankuna. Rikicin da aka kashe a 1917 ya nemi dawowa. Cikin 1960 kwamitin Robert Beloe ya ba da shawara a yi wata jarrabawa ta biyu, aka kuwa fara ta a 1965 da sunan CSE.

An shirya CSE don kashi 40 cikin 100 na yara, waɗanda su ke bin kashi 20 na matakin O. Sauran kashi 40 ba a yi musu tanadin kome ba. Hukumomi 14 na yankuna ne su ke gudanar da ita, malaman makaranta kuma su ne masu faɗa a ji a cikinsu. Har akwai hanyar da aka yarda makaranta ta tsara abin da za ta koyar da kanta, ta shirya tambayoyi, ta ba da maki, hukuma ta aiko mai dubawa ya tabbatar. A kan lissafa aikin da yaro ya yi a aji cikin shekara, da amsar baka, da aikin hannu. Malamai da yawa sun ji daɗin wannan, domin ya ba su damar koyar da abin da ya dace da yaran da ke gabansu.

Darajojin CSE daga 1 ne zuwa 5. An ce daraja ta 4 ita ce ta matsakaicin yaro ɗan shekara 16, daraja ta 1 kuwa daidai ta ke da cin matakin O. Ma'anar wannan ita ce matsakaicin yaro yana hawa 3 ƙasa da iyakar. Masu ɗaukar ma'aikata ba su ɓata lokaci ba wajen gane haka. In ba daraja ta 1 ba ce, da wuya su dubi takardar sau biyu.

Ana nan sai makarantun kansu suka sake. Cikin 1965 Ministan Ilmi, Anthony Crosland na Jam'iyyar Leba, ya aika wa hukumomin yankuna takarda ya nemi su haɗe makarantu iri 3 ɗin nan su zama makarantar kowa da kowa. Cikin 1972 aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 16, saboda haka kowane yaro yana nan har lokacin jarrabawa. Sai aka wayi gari makaranta ɗaya, jarrabawa 2. Tilas malami ya raba yara tun suna 'yan shekara 14, ya ce wannan matakin O, wancan CSE, alhali littattafan da tambayoyin ba ɗaya ba ne. In ya yi kuskure, yaron ne zai ɗauki nauyin kuskuren. Waɗanda su ke tsaka-tsaki a kan sa su duka biyun, su sha wahala ninki biyu. Cikin 1975 aka soma ba matakin O darajoji da haruffa, daga A zuwa E, aka ce C ita ce daidai da ci na dā.

Jarrabawa Ɗaya, Manhaja Ɗaya

Dokar 1944 ba ta faɗi abin da za a koyar ba, ban da darasin addini. Sauran an bar wa hukumomin yankuna da hedimastoci, kuma an daɗe ana ganin bai kamata Gwamnati ta sa baki a ciki ba. Wanda ya karya wannan al'ada shi ne Firayim Minista James Callaghan. Cikin Oktoba 1976 ya yi jawabi a Kwalejin Ruskin ta Oksfod, ya kawo kukan masu masana'antu cewa yara suna fita makaranta ba su iya abin da aiki ya ke bukata ba, ya kuma nuna ya kamata a duba batun fannonin da kowa zai koya. Cikin 1978 kwamitin Waddell ya ce haɗe jarrabawan nan 2 abu ne mai yiwuwa. Leba ta faɗi zaɓe a 1979, magana ta kwanta, sai a 1984 Sir Keith Joseph, Ministan Ilmi na gwamnatin Margaret Thatcher, ya ba da sanarwar GCSE. Aka fara koyar da ita a 1986, aka yi ta farko a 1988.

Darajojinta daga A ne zuwa G, cikin 1994 kuma aka ƙara wata bisa A, mai alamar tauraro. Ta ɗauko lissafin aikin aji daga CSE. A bisa ƙa'ida kowace daraja daga A har G ci ce, ba a kiran mai G faɗaɗɗe. Amma don kada mutane su ruɗe sai aka bayyana musu cewa A zuwa C su ne daidai da cin matakin O da daraja ta 1 ta CSE, D zuwa G kuwa su ne sauran darajojin CSE. Ai kuwa kowa sai ya riƙe wannan ya watsar da waccan. Jami'a C ta ke tambaya, mai kamfani C, uba ma C. A fannoni da yawa kuma an kasa takardun tambaya gida 2, mai wuya da mai sauƙi, wanda kuwa aka sa a mai sauƙi ba zai wuce C ba ko ya amsa duka daidai. Rabon da malami ya ke yi a dā bai tafi ba ke nan, ya koma cikin jarrabawa guda.

A shekaran nan ta 1988 Kenneth Baker, wanda ya gaji Joseph, ya kawo dokar da ta kafa manhaja ta ƙasa. Ta ajiye fanni 3 a matsayin ginshiƙai, watau Turanci da Lissafi da Kimiyya, da waɗansu 7: Tarihi, Labarin Ƙasa, Fasaha, Kiɗa, Zane, Motsa Jiki, da harshen waje guda a sakandare. Masana tarihin ilmi sun lura jerin nan ya yi kama ƙwarai da wanda aka rubuta wa makarantun sakandare a 1904. Dokar ta kuma sa a riƙa gwada yara a shekara 7 da 11 da 14. Kayan ya yi wa malamai yawa, har a 1993 suka ƙi yin gwajin, aka kira Sir Ron Dearing ya rage manhajar.

Abin da ya fi ƙarfafa iyakar shi ne jerin makarantu. Daga 1992 Gwamnati ta soma buga sakamakon kowace makaranta, jaridu su jera su daga ta fari zuwa ta ƙarshe. Ma'aunin kuwa shi ne yara nawa cikin 100 suka sami C ko abin da ya fi a fanni 5. Kiredit 5 sun dawo ke nan, sai dai a wannan karo makarantar ce a ke yi wa hukunci da su, hedimasta yana iya rasa aikinsa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Makarantu da yawa suka tattara ƙarfinsu kan yaran da su ke tsakanin D da C, gama tura ɗaya daga cikinsu ya haye ya fi amfani a jerin bisa ga ɗaga mai F zuwa E, ko mai B zuwa A. Waɗansu kuma suka tura yara ga takardun sana'a masu sauƙi waɗanda a ke lissafa su kamar GCSE da yawa. A 1988 kashi 42.5 cikin 100 na takardun da aka zauna ne suka sami C ko fiye. A 2011 sun kai 69.8. Waɗansu suka ce koyarwa ce ta gyaru, waɗansu suka ce jarrabawa ce ta yi arha, aka yi ta gardama. Cikin 2004 kwamitin Mike Tomlinson ya ba da shawara a narkar da GCSE da matakin A da takardun sana'a cikin difloma guda, amma gwamnatin Tony Blair ta ƙi a 2005.

Haruffa Sun Koma Lambobi

Michael Gove ya zama Ministan Ilmi a 2010, yana cikin masu ganin jarrabawa ta yi arha. Cikin 2012 labari ya fita cewa yana so a komo da irin matakin O, abokan gwamnatin haɗin gwiwa suka ƙi. Ya kawo shirin wata sabuwar takarda, ita ma ya janye ta a Fabrairu 2013. Daga ƙarshe sai aka bar sunan GCSE aka sake cikinta. An ƙara yawan abin da za a koya, an cire lissafin aikin aji a yawancin fannoni, an mai da jarrabawa duka ƙarshen shekara 2. Sabuwar manhaja ta fara aiki a 2014. Cikin 2016 aka sake ma'aunin jerin makarantu, ya koma duban ci gaban da kowane yaro ya yi a fanni 8 tun daga fitarsa firamare, don a rage ɗokin iyakar C. A 2017 aka fara ba da darajoji da lambobi, daga 9, wadda ta fi kowace, zuwa 1.

Sa'ad da a ke tsara lambobin, hukumar da ke kula da jarrabawa, mai suna Ofqual, ta ɗaure gindin daraja ta 4 daidai da gindin C. Gwamnati kuma ta kira 4 ci, ta kira 5 ci mai ƙarfi. An dai sake wa tuwo suna. Kiredit ya zama cin matakin O a 1951, ya zama daraja ta 1 a CSE cikin 1965, ya zama C a 1975 da 1988, ya zama 4 a 2017. Har wa yau hukumar ta kan dubi ƙoƙarin da yaran kowace shekara suka yi a firamare, ta daidaita makin ci da shi, don kada yawan masu ci ya yi ta hawa ba dalili. Wannan ya kwantar da gardamar arha, amma ya sa yawan masu tsayawa ƙasa da iyakar ba ya raguwa sosai daga shekara zuwa shekara.

Nauyin iyakar kuwa ya ƙaru. Daga 2015 doka ta ce kowane yaro ya zauna cikin karatu ko koyon sana'a har shekara 18, tun 2014 kuma wanda bai haye a Turanci ko Lissafi ba tilas ya ci gaba da su. Cikin 2019 ƙungiyar shugabannin makarantu da kwalejoji ta fitar da rahoto game da waɗannan yara, ta nuna wajen ɗaya cikin 3 ne su ke kai shekara 16 ba su sami 4 a Turanci da Lissafi duka biyu ba, bayan shekara 12 suna makaranta. A 2024, cikin waɗanda suka maimaita Lissafi, masu hayewa ba su kai ɗaya cikin 5 ba. Akwai masu zama sau 3 ko 4 ba su dace ba, alhali koyon aikin jinya da aikin malanta da sana'o'i da yawa ba su buɗuwa sai da wannan lamba.

Annobar korona ta hana jarrabawa a 2020 da 2021. A shekarar farko Ofqual ta yi amfani da wani lissafi na kwamfuta wanda ya ke duban tarihin makaranta, ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na darajojin matakin A da malamai suka bayar. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, cikin 'yan kwanaki Gwamnati ta janye, aka koma ga kimantawar malamai. A 2021 masu 4 ko fiye a GCSE suka kai wajen kashi 77. Da jarrabawa ta komo aka mai da makin ci inda ya ke a dā, zuwa 2024 adadin ya sauko tsakanin 67 da 68.

Cikin 2024 sabuwar gwamnatin Leba ta naɗa Farfesa Becky Francis ta sake duba manhaja da jarrabawa. Rahotonta ya fito a Nuwamba 2025. Ya ce a rage tsawon lokacin da yara su ke yi a ɗakin jarrabawa da wajen kashi 10 cikin 100, Gwamnati kuma ta sa 2028 ta zama shekarar fara koyar da sabuwar manhaja. Amma rahoton ya bar GCSE da lambobinta yadda su ke. Masu goyon bayan iyakar suna cewa in babu ita, mai ɗaukar ma'aikata ba zai san wanda ya iya karatu da lissafi ba, kuma 'ya'yan talakawa ne za su fi cutuwa in aka daina matsa wa makarantu su kai su gare ta. Masu sukarta kuwa suna cewa ma'aunin da aka yanka don tace masu shiga jami'a a 1918 bai dace ya zama shi ne shaidar da a ke sallamar kowane yaro da ita ba, tun da ya ke an san tun kafin a zauna cewa wajen ɗaya cikin 3 ba za su kai ba. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma gyare-gyaren da aka yi cikin shekara fiye da 100 ba su raba wannan gardama ba tukuna.